Karnukan Farauta a Ƙasar Rugu

Tun kafin zuwan Turawa, kare a ƙasar Batsari da Safana dabbar aiki ce, domin mafarautan Dajin Rugu da makiyaya ne ke kiwonsa, kuma fiƙihun Malikiyya ya halatta ajiye shi don farauta da gadin garke da gona. Al'ada ta ɗora wa mai kare alhakin riƙe shi da igiya idan ayarin farauta zai ratsa gari da rani, da biyan ɓarnar da ya yi wa akuyar maƙwabci a gaban mai unguwa. Daga baya cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta fara aiki a 1924, ta samar da rigakafin haukan kare, wato cutar da cizo ke yaɗawa zuwa ga mutum.