3.2 Girkin Gargajiya a Ruwan Godiya: Abin da Aka Rubuta da Abin da Aka Bari

Duk mai neman tsohon littafin girki a Ruwan Godiya ta Ƙaramar Hukumar Faskari, sai ya nufi wajen tsofaffin mata, domin a ƙirjinsu ilimin yake. Yarinya kan koye shi ne a gindin murhu, wajen uwa ko kaka, tun daga surfe da tankaɗe har ranar da za a miƙa mata muciya. Ma'auninsa kuwa ƙoƙo ne da ludayi da tafin hannu.

Wannan ba ya nufin rubutu ya yi watsi da abincin Hausawa baki ɗaya. Ƙamusun Bargery (1934) ya tattara sunayen abinci masu yawa tare da taƙaitaccen bayani. Haka kuma labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ya nuna matsayin tuwo da fura da kunu a sha'anin aure da haihuwa. Sai dai waɗannan ayyuka suna da manufa dabam. Sun adana suna da al'ada, amma mai karanta su ba zai iya tuƙa tuwo ba. Littafi irin na Miss Williams (1957), wanda ya bi tsarin awo da matakai, da Turanci aka rubuta shi, don haka bai isa ga matar karkarar Katsina ba.

Abin da aka bari ɗin shi ne ainihin gwanintar. Tuwon dawa, misali, yana farawa ne daga zaɓen hatsi, kaura ko farfara. A surfa, a wanke, a shanya, a niƙa a dutse. Idan ruwa ya tafasa a tukunyar ƙasa sai a yi talge, a bar shi ya nuna, sannan a riƙa zuba gari ana tuƙawa, a rufe ya turara, a kwashe da mara zuwa akushi. Sanin lokacin da talge ya nuna, da ido da hanci ake yinsa. Haka miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, wadda ɗanɗanonta ya dogara ga daddawar kalwa, wani lokaci daddawar batso, da man shanu a kai.

Babban sauyi ya zo ne ta gona. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa da ƙasar Faskari da Ƙanƙara, kuma ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi, ta koma amfanin babbar gona, tuwonta ya shiga gaban na dawa a gidaje da yawa. Injin niƙa ya kori dutse, dunƙulen Maggi ya rage wa daddawa daraja, tukunyar ƙarfe ta maye gurbin ta ƙasa.

A 'yan shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta tilasta wa iyalai da dama na yankin ƙaura zuwa Funtuwa da wasu garuruwa. Tsohuwar da ta san dafa kalwa tana raye, amma itatuwan ɗorawar suna can dajin da ba a iya shiga, jikarta kuwa a leda take sayen kayan miya.