Dami na Goma: Yadda Zakka Ta Zama Haraji a Ƙasar Kano

Idan kaka ta yi a Gammo, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, manomin da gonarsa ta yi albarka yakan ƙirga dammunansa kafin ya kai su rumbu. Tara nasa ne, na goma kuwa haƙƙin wasu ne. Ƙa'idar tsohuwa ce a fiƙihun Malikiyya: hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa a kansa, ɗaya cikin ashirin. Abin da ya riƙa sauyawa cikin shekaru 200 da suka wuce shi ne hannun da ke karɓar wannan dami.

A zamanin Daular Usmaniyya zakkar hatsi aikin hukuma ce. Mai gari ne ke tara ta, jakadan hakimi ya zo ya duba, wani kaso ya tafi birni, wani ya zauna a rumbunan ƙauye. Ba kowane mai sarauta ne ya riƙe amanar ba, kuma ga kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da jangali a wuyan talaka. Duk da haka rumbun yana nan, jama'a kuma sun san don wa aka cika shi.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Su a idonsu zakka ɗaya ce daga cikin kuɗaɗen shigar sarki, don haka cikin 'yan shekaru suka narkar da ita cikin haraji guda, wanda aka koma biya da tsabar kuɗi. Nan gizo ya yi saƙa. Hatsi yana iya jiran mayunwaci a rumbu, amma kuɗin haraji Baitulmali yake tafiya, a biya albashi, a kai wa Gwamna rabonsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma suka rungumi gyaɗa, sai fari ya zo a 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914 ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Manomin kirki ya ci gaba da fitar da dami na goma bayan ya biya haraji, sai dai yanzu da kansa yake miƙa shi ga malaminsa, ko gwauruwar maƙwabciya, ko ɗan'uwan da gonarsa ta ƙi.

Wannan bayarwa ta hannu da hannu ita ce ƙarfin ƙasar Hausa. Gayya, gudummawar biki, kwanon tuwon da ake ajiye wa almajiri kowane dare, duk ba su buƙatar ofis ko magatakarda. Rauninta ɗaya ne: tana rayuwa ne muddin mai bayarwa na raye.

Musulunci ya daɗe da maganin wannan rauni, wato waƙafi, ko hubusi a bakin Malikawa. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar: aka tsare asalinta, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, amfaninta kaɗai ake rabawa. Da irin wannan dukiya Azhar ta ciyar da ɗalibanta ƙarni bayan ƙarni, kuma tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa wa ɗalibansu da alhazansu makaranta da masauki a Alƙahira. A ƙasar Kano kuwa hubusi ya fi tsayawa a masallaci da rijiya da maƙabarta da littattafai, abubuwan da ke cin kuɗi, ba masu kawo shi ba. Wani ɓangare na dalilin yana cikin dokar ƙasa. Malamai sun ɗauki ƙasar da aka ci da yaƙi a matsayin amanar al'umma baki ɗaya a hannun sarki. Dokar Turawa ta 1910 ta mayar da ikon ga Gwamna, ta 1978 ta ƙara jaddada hakan. Da wuya mutum ya tsare har abada abin da amfaninsa kawai ya mallaka.

Gidan Ɗantata ya nuna hanyoyin biyu. Alhaji Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji, ya shahara da ciyarwa da kai mutane Makka. Da ya rasu a 1955 dukiyarsa ta bi hukuncin gado, wanda bai bar wa mamaci wasiyyar da ta wuce sulusi ba. Alherin ya ɗore ne domin 'ya'yansa sun zaɓi su ɗora, ba domin wata takarda ta tilasta musu ba. Tattaɓa-kunnensa, Aliko Ɗangote, ya bi tafarkin attajiran Amurka irin su Rockefeller: ya yi wa gidauniyarsa rajista a 1994, ya kuma ware mata dala biliyan 1.25 a 2014. Gidauniya irin wannan tana da amintattu da jari nata na kanta, abin da take samu take kashewa. In aka tuɓe mata rigar Turanci, hubusi ce.

Gwamnatin Kano ta yi yunƙurin dawo da tsohon rumbu a 2003, da ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi. Amma shekaru ɗari na haraji sun koya wa mutane tsoron miƙa haƙƙin Allah ga ofis, kuma har yau akasarin masu fitar da zakka da hannunsu suke raba ta. Ba laifinsu ba ne kacokan. Amana aba ce da ake gani kafin a bayar.

Inda giɓin ya fi fitowa shi ne rijiyar burtsatse. A garuruwan Kabo da Gwarzo, kamar sauran karkara, ba a rasa ɗan gari da zai haƙa ta sadaka ga iyayensa, a rubuta sunansu a jikin tanki. Ba kasafai yake haɗa ta da shago ko gona da za a riƙa gyara ta da kuɗinsu ba. Ranar da famfo ya lalace, sai a koma neman lambar wayarsa, in yana da rai.