Sallama da Izinin Hanya: Jiran Clapperton da Lander a Kano da Sakkwato, 1826-1827

Kalmomin "fasfo" da "biza" baƙi ne cikin Hausa, amma abin da su ke nufi ya riga su zuwa. A zamanin da, baƙon da ya sauka a birni ba ya tashi sai sarki ya sallame shi, ya haɗa shi da manzo ko takarda zuwa ga sarki na gaba. Watau kalmar "sallama" tana ɗauke da ma'ana biyu, ban kwana da kuma izini. Labarin Hugh Clapperton da baransa Richard Lander ya nuna yadda wannan tsari ya ke aiki.

Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan su ke kira Abdullahi, ya fara zuwa Sakkwato cikin 1824 ta hanyar Barno. A tafiyarsa ta biyu kuwa daga bakin teku ya taso, daga Badagiri, cikin Disamba 1825. Ya biyo ta ƙasar Yarabawa da Busa da Zariya, sa'an nan ya shigo ƙasar Kano ta kudu, yankin da a yau ya ƙunshi Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Bebeji a lokacin babban zango ne a kan hanyar fatake, har ya ƙiyasta mutanensa za su kai 20,000 zuwa 25,000. Ya shiga Kano ran 20 ga Yuli 1826, zamanin Sarki Ibrahim Dabo.

Nufinsa shi ne ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sa'an nan ya zarce Barno da takarda da kyautai daga Ingila zuwa ga Shehu Laminu. Amma ya zo a mugun lokaci, gama Barno da Sakkwato suna cikin gaba. Ko zuwa Sakkwato ma bai samu nan da nan ba. Ya kama hanya, ga damina, ga ciwo, sai ya gamu da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, suka komo Kano tare. A nan ya yi ta jira har ƙarshen Agusta, kana suka tashi, ya bar Lander da kayan Barno.

Daga baya Sarkin Musulmi ya aika aka kawo Lander da kayan duka, ya iso Sakkwato cikin Disamba. Aka karɓe takardar Shehu da makaman da ke cikin kaya, aka hana hanyar Barno. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana ne, littattafan Turawa da yawa kuma suka bi shi a kan haka. Amma ya kamata a duba abin da ya biyo baya. A farkon 1827 Shehu Laminu ya shigo ƙasar Kano da yaƙi, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi ya juya. Babu sarkin da zai bar makamai su ratsa ƙasarsa zuwa hannun wanda ya ɗauro masa yaƙi. Clapperton bai sami sallamar da ya ke jira ba, ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827.

Lander, wanda aka laƙaba wa suna Nasara Ƙarami, shi aka sallama cikin Mayu. Ya komo Kano, ya biyo ta Bebeji, a nan ne ya bar hanyar Zariya ya yi kudu, yana son ya kai Fanda ya gano inda Kwara ta ke faɗawa. Ya yi nisa ƙwarai, har Darroro, sai ga mahaya daga Sarkin Zazzau suka cim masa, suka juyo da shi Zariya.  Bayan ya gana da sarki aka sallame shi ta hanyar da suka zo, ya isa Badagiri cikin Nuwamba 1827.

Abin da malamai masu koyar da tarihin wannan zamani za su lura da shi shi ne, izinin hanya a daular Sakkwato hawa hawa ne. Akwai na Sarkin Musulmi, akwai na kowane sarkin da ke riƙe da tuta, kuma mahayansa suna iya bin baƙo tafiyar kwanaki su komo da shi. Kwanakin da baƙo ya ke yi a masauki su ne lokacin da a ke binciken kayansa da nufinsa da inda ya dosa. Wanda ya karanta labarin waɗannan matafiya ta bakinsu kaɗai zai ga wahala da jinkiri ne kawai. In ya haɗa shi da tarihin yaƙin Barno, zai ga hukuma ce tana tsaron iyakarta.