Na'urar GPS ta Hannu a Duwatsu da Tafkunan Abuja: Ƙarfinta da Iyakarta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba amfanin na'urar GPS ta hannu ga masu hawan duwatsu da masu shiga ruwa a Babban Birnin Tarayya da kewayensa. Ta bi tarihin na'urar a taƙaice, sannan ta tsaya kan abubuwan da ke rage mata daidaito a wannan yanki: sigar duwatsu, halin sararin sama a kusa da ikwaita, da saɓanin tushen awo tsakanin tsofaffin taswirori da na'ura. Matsayarta ita ce na'urar ta riga ta wadatar, giɓin da ya rage yana ƙasa, wato rashin taswirar hanyoyin ƙafa da rashin tabbacin mai kai ɗauki.

Gabatarwa

A watan Agustan 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci Ushafa, garin maginan tukwane da ke gindin duwatsun Bwari. Ƙasa da wata huɗu kafin wannan ziyara, a farkon Mayu, ya ba da umarnin daina gurɓata siginar GPS da gangan, abin da sojojin ƙasarsa suka daɗe suna yi don kada farar hula su samu cikakken daidaito. Cikin dare ɗaya kuskuren na'urorin hannu ya sauko daga kusan mita 100 zuwa abin da bai fi mita 20 ba. A yau duwatsun Ushafa, masu kallon madatsar ruwan Usuma, suna cikin wuraren da matasan Abuja suka fi hawa da sassafen Asabar, kuma da wuya a samu ayarin da babu mai cin gajiyar wancan umarni, ko a waya, ko a agogon hannu, ko a keɓantacciyar na'ura.

Abuja gari ne da aka dasa a tsakiyar duwatsu. Ga Aso, ga Katampe, ga tsaunukan Dawaki da Mpape, ga Zuma a kan iyaka da Jihar Neja. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape, wanda ruwa ya cika, ya zama matattarar jama'a a 2020 lokacin korona. A tafkin Jabi ana hawa ƙananan jirage don shaƙatawa. Sha'awar ta bunƙasa da sauri, amma tanadin da ya kamata ya biyo ta bai taho tare da ita ba.

Yadda na'urar ke gano wuri

Ma'aikatar tsaron Amurka ta harba tauraron GPS na farko a 1978, tsarin ya kammala da taurarin ɗan'adam 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana, yana aiko da saƙon inda yake da kuma lokacin da saƙon ya baro shi. Na'urar hannu ba ta aika komai, sauraro kawai take yi. Idan ta ji taurari huɗu, sai ta lissafa nisanta da kowanne daga jinkirin isowar saƙo. Tun da saƙon na tafiya da saurin haske, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana nufin kuskuren mita 300 a ƙasa. Shi ya sa kusan duk matsalolin da za a tattauna a gaba matsalolin jinkirin sigina ne.

Masu jiragen ruwa ne kasuwar farko. Magellan NAV 1000, wadda ta fito a 1989, an sayar da ita kusan dala 3,000. A shekarar ce kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa Garmin, kamfanin da ƙaramar eTrex ɗinsa mai launin rawaya ta shiga jakar masu safiyo, jami'an gandun daji da ɗaliban jogarafi a Najeriya. Na'urorin yanzu suna haɗa GPS da GLONASS ta Rasha, Galileo ta Turai da BeiDou ta Sin.

Waya ko keɓantacciyar na'ura?

Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa idan sabis ya ɗauke, GPS ɗin waya ma ya tafi. Ba haka ba ne. Abin da ke ɓacewa shi ne taswirar da ba a sauke ba tun a gida. Wayar da aka shirya ta sosai za ta iya fitar da mutum daga bayan Dawaki lafiya lau.

Fifikon keɓantacciyar na'ura a wani wuri yake. Garmin eTrex 10 tana yin kimanin awa 25 da batir biyu irin na rediyo, waɗanda ake samu a kowane teburin mai kanti. An gina ta ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, maɓallanta suna aiki da jiƙaƙƙen hannu, allonta kuma yana karantuwa a tsakar rana, lokacin da waya ke yin zafi tana dusashewa. Wasu na masu jirage, kamar jerin GPSMAP 78, ba sa ma nutsewa, kuma suna da maɓallin da ake dannawa nan take idan mutum ya faɗa ruwa, don a riƙe daidai wurin.

Mafi amfanin aikinta shi ne mafi sauƙi. A gindin dutse, kafin a fara hawa, mai na'ura ya tsaya a fili ya jira layukan sigina su cika a allo, ya ajiye alamar inda aka bar mota, ya kunna rubuta sawu. Daga nan na'urar na zana siririn layi a bayansa duk inda ya taka. A kan falalen dutse babu turba, babu sawun ƙafa, kuma gangaren da aka hawo da wanda ke ƙarewa a kan rami kamanninsu ɗaya idan an leƙo daga sama. Da hazon hunturu ya rufe gari, ko hadarin yamma ya taso a watan Agusta, wannan layi ne kaɗai ke tuna ta inda aka biyo.

Abubuwan da ke karkatar da sigina a Abuja

Na farko dutsen kansa ne. Wanda ke tsaye a jikin bango mai tsayi kamar na Zuma ya rasa kusan rabin sama, sauran taurarin da yake ji kuma sun taru a gefe guda, lissafi ya raunana. Ƙari a kan haka, sigina na dukan dutse ta dawo, ta iso a makare, na'ura ta ɗauka nisan ya fi haka. A kwazazzabo kuskure na iya kai gomman mitoci. Awon tsayi ya fi na kwance rauni a ko'ina, don haka lambar da ake ɗauka a hoto a ƙololuwar dutse ba abar dogaro ba ce sai na'urar na da ma'aunin nauyin iska da aka daidaita.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Layin ikwaita na maganaɗisu ya ratsa Najeriya, kuma a irin wannan yanki ɓangaren sararin sama mai ɗauke da cajin lantarki yakan rikice bayan faɗuwar rana. Sigina ta riƙa rawa, wani lokaci tauraro ya kuɓuce wa na'ura gaba ɗaya. Abin ya fi tsanani a wajejen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana ke kan ganiyar tashinta, kamar 2024. Abin damuwa a nan shi ne lokacin: tsakanin magariba da tsakar dare, daidai sa'ar da wanda ya ɓata ya fi buƙatar na'urarsa. Na'urori masu sauraron zango biyu, L1 da L5, suna rage jinkirin da wannan sarari ke jawowa. Akwai kuma gudummawar gida: tauraron NigComSat-1R, da aka harba daga Xichang a Disambar 2011, yana ɗauke da kayan watsa gyaran sigina, kuma a 2020 aka fara watsa siginar gwaji ta cikinsa tare da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA da kamfanin Thales Alenia Space, kodayake jiragen sama aka fi nufa da ita.

Na uku kuwa laifin mutane ne, kuma ya fi sauran girma. Tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne a kan tushen awo na Minna, na'ura kuma tana zuwa a saite kan WGS 84. Idan aka yi lissafi da ƙa'idojin sauyi da aka saba amfani da su, lamba ɗaya a tsarin biyu tana nuna wurare biyu da ke da tazarar fiye da mita 80 a yankin Abuja, galibinta ta gabas da yamma. A fili wannan ba komai ba ne, a bakin rami kuwa ya isa ya yi kisa. Rubutun lamba ma na da nasa tarkon. Digiri 9 da minti 03.5 daban yake da digiri 9.035. Wanda ya karanto na farko ta waya, aka rubuta shi a matsayin na biyu, ya tura masu nemansa kilomita biyu da rabi kudu da inda yake kwance.

A kan ruwa

Tafkin Jabi ƙarami ne, ana hango gaɓa ta ko'ina, amfanin na'ura a can bai wuce auna gudu da nisa ba. Inda take da aiki na gaske shi ne kogin Neja da tafkin Kainji, wanda tun kammala madatsarsa a 1968 yake ɓoye kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Hatsarin jirgin ruwa na Warrah a Jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Patigi a Jihar Kwara a Yunin 2023 wanda ya ci rayuka fiye da 100, sun nuna tsadar lamarin. Dole a faɗi gaskiya: lodi fiye da ƙima, tsufan jirage, tafiyar dare da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta hana, da rashin rigar ceto su ne manyan dalilai, kuma babu na'urar da za ta gyara su. Sai dai matuƙan da suka san inda kowane kututture yake a ransu za su iya ajiye wannan sani a matsayin alamomi, ya wuce daga hannu zuwa hannu.

Giɓin da ya rage

Wanda ya buɗe taswirar na'urarsa a tsakiyar Wuse zai ga kowane titi. Ya hau bayan Mpape, sai allon ya zama kusan fari. Hanyoyin suna nan, Gbagyi sun daɗe suna bin su zuwa gona da rafi, kowane dutse da sunansa, amma kaɗan ne suka shiga taswira. Arewa ta taɓa cike irin wannan giɓi. A yaƙi da shan inna, ayarin masu rigakafi a Kano sun riƙa yawo da wayoyi masu rubuta sawu, aka zana sababbin taswirori, aka gano rugage da ƙauyukan da ake tsallakewa, kafin a ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na daji a Agustan 2020. Ƙungiyoyin hawan dutse na Abuja suna tara irin wannan sawu kowane mako. Zuba shi a taswirar intanet ta OpenStreetMap, da sunayen da masu ƙasa ke kiran wuraren, aiki ne da ba ya buƙatar kasafin gwamnati.

Batun ɗauki ya fi wuya. Na'urar GPS zalla ba ta kiran kowa. Masu aika saƙo ta taurarin Iridium, kamar inReach, suna buƙatar biyan kuɗin wata da dala. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA na da cibiyar karɓar kiran gaggawa ta tsarin Cospas-Sarsat a Abuja, amma jiragen sama da na ruwa ne suka fi amfana da ita. Sace-sacen mutane a Bwari a Janairun 2024 sun ƙara wata fuska: sawun da aka wallafa a intanet tare da rana da sa'a yana gaya wa kowa inda ayari zai bi. Saboda haka marubucin wannan maƙala yana ganin a wallafa hanya, a ɓoye jadawali, a bar kwafin sawun da lokacin dawowa a hannun mutum guda a gari. Ya kamata kuma masu amsa kira a lambar 112 su samu horon karɓar lambobin wuri a kowace siga, su maimaita wa mai kira, su tambaye shi tushen awon da na'urarsa ke kai kafin su tura mota.