Tarihin ginin ƙasa a yankin Tasawa da kalmominsa

A ƙasar Baudeta, kamar sauran karkarar Tasawa da Mayahi, tun kaka da kakanni da laka ake gini. Magina kan cuɗa ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su rufe soro da azara ta giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi, sa'an nan su shafe bango da makuba daga kwasfar ɗorawa. Katanga mai kauri tana tare zafin rana, tana riƙe ɗumi da hunturu.

Farin 1973 da na 1984 sun rage itatuwa, azara ta yi tsada, kwano da siminti suka samu shiga, alhali ɗakin kwano tanderu ne da bazara. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara gini marar katako a Cikal, cikin ƙasar Filinge, da dabarar rufin tubali ta Nubiya.

Idan sana'a ta ja baya, kalmominta kan bi ta. Ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su tattara irin su indararo, zanko da ɗaurin guga daga bakin tsofaffin magina tun suna raye.