Step aside, set aside, strike out: ƙananan kalmomin Turanci da ke juya ma'anar labarin siyasa

A nahawun Turanci akwai wani rukunin kalmomi da ake kira "phrasal verbs", wato aikatau da ke tafiya da ɗan rakiya irin su out, down, aside ko off. Idan suka haɗu, ma'anar da suke haifarwa ba ta zama jimillar ma'anonin kalmomin biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya ci amana bai tauna komai ba, haka wanda ya sha kaye ko ya sha alwashi bai kai ƙoƙo baki ba. Bambancin kawai shi ne Hausa kan jingina aikatau da suna, Turanci kuwa da 'yar kalmar da ido ke saurin tsallakewa. A Najeriya, inda da Turanci ake rubuta tsarin mulki da hukuncin kotu da sanarwar hukumar zaɓe, tsallake ta kan sa mutum ya yi murna a inda ya kamata ya yi jimami.

Daga Babangida zuwa Tambuwal

A watan Agustan 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Ibrahim Babangida ya sanar da cewa zai yi "step aside" kafin ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. A ƙamus, kalmar tana nufin sauka daga muƙami don ba wani wuri. Amma aside na ɗauke da hoton mutumin da ya ɗan matsa gefe, bai bar wurin ba, kuma haka 'yan Najeriya suka fahimce ta. Neman takarar da ya yi a 2010 ya ƙara wa wannan fahimta ƙarfi.

"Step down" ba ta da wannan kumbiya-kumbiya: sauka ce ko janyewa. Ita Aminu Tambuwal ya yi wa Atiku Abubakar a zaɓen fid da gwani na PDP ranar 28 ga Mayun 2022, inda Atiku ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike kuma 237.

A zauren kotu

A nan ne kuskure ya fi tsada. Kafofin labaran Hausa kan fassara "struck out" da "dismissed" da jimla guda, "kotu ta yi watsi da ƙarar", alhali a wajen lauya ba ɗaya ba ne. Ta farko tana nufin an cire ƙarar daga jerin shari'u, galibi ba tare da an shiga gundarinta ba, saboda rashin hurumi ko tangarɗar takardu ko rashin bayyanar mai ƙara, kuma yawanci ana iya sake shigar da ita. Ta biyu kora ce da ke rufe ƙofa, sai dai a ɗaukaka ƙara. A shari'ar zaɓe wannan rata kan tsuke, domin kwana 21 kacal doka ta bayar a shigar da ƙorafi bayan bayyana sakamako. Idan sun wuce, babu damar komawa.

"Set aside" kuwa jingine hukuncin ƙaramar kotu ne, kishiyar "uphold", wato tabbatar da shi. Kanawa sun koyi wannan darasi da zafinsa. Ranar 20 ga Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf, ta ba Nasiru Gawuna. Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a zaure. Da kwafin hukuncin ya fito bayan 'yan kwanaki, sai aka tarar da "set aside" a kusa da ƙarshensa game da hukuncin kotun farko, tare da umarnin a biya gwamnan naira miliyan ɗaya, a takardar da ta ce an kori ƙararsa. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Magoya bayan NNPP ba su yarda ba, kuma ba a rasa zanga-zanga a titunan Kano ba. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta jingine hukuncin kotunan biyu, ta tabbatar wa Abba kujerarsa.

Irin wannan rata ce ke tsakanin "discharged" da "acquitted", sallama da wankewa. Lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta sallami Nnamdi Kanu a Oktoban 2022, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya kafe a kan cewa an sallame shi ne kawai, ba a wanke shi ba, kuma gwamnati ta ci gaba da tsare shi.

Yadda ake koyonsu

Haddar dogon jerin kalmomi ba ta cika yin amfani ba, domin kalma ɗaya kan ɗauki ma'anoni da dama: "set aside" da ke jingine hukunci a kotu ita ce ke nufin ware kuɗi a kasafi. Abin da ya fi shi ne a rubuta kowace tare da jimlar da aka tsince ta a ciki, a lura da wanda ya aikata da abin da aka aikata wa, sannan a nemi kishiyarta. Oxford da Longman da Cambridge duk suna da ƙamus na musamman a kan wannan rukuni, sai dai ba koyaushe suke bayyana ma'anar da kotunan Najeriya ke nufi ba. Don haka mai bibiyar shari'a ya fi dacewa ya nemi kwafin hukuncin kansa maimakon dogaro da kanun labari, ya fara da shafukan ƙarshe, inda alƙali ke jera umarninsa, sannan ya koma sama ya duba ko dalilan da aka bayar sun dace da umarnin.