Tarihin Facin Jijiyar Gwiwa

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ce ke yawan tsinke wa 'yan ƙwallo, kuma da wuya ta haɗe da kanta. Tarihin gyaranta ya nuna cewa duk inda likitoci suka je neman faci, jikin majiyyacin suke komawa. Da ɗinki aka fara: a 1895 Mayo Robson ya ɗinke jijiyoyin wani mahaƙin ma'adini a Leeds ta Ingila. A 1917 Hey Groves na Bristol ya yanko tantanin gefen cinya ya zura ta ramukan da ya huda a ƙashi. Galeazzi na Italiya ya ɗauko jijiyar bayan cinya a 1934, sannan a 1963 Kenneth Jones na Amurka ya yi aiki da tsakiyar jijiyar ƙoƙon gwiwa haɗe da guntun ƙashi. Ɗinkin kuwa, rahoton Feagin da Curl na 1976 ya zubar masa da daraja, don yawancin ɗaliban sojan West Point da aka ɗinke wa, bayan shekara biyar gwiwarsu na nan tana gocewa.

Wani zai ce, don me za a raunata lafiyayyen wuri domin a gyara wani? Tambayar tana kan hanya, kuma an gwada amsa ta. A shekarun 1980 an dasa zaren kabon da na Gore-Tex a madadin jijiyar, majiyyata suka miƙe da wuri, aka yi ta murna. Ba a jima ba zaren ya riƙa tsinkewa, ɓurɓushinsa yana kumbura gwiwa, aka janye su. Dalilin a fili yake: jijiyar mutum jini na ratsa ta a hankali har ta rayu a sabon wurinta, zare kuwa sai dai ya ci gaba da lalacewa. Jijiyar mamaci da aka adana tana da amfaninta, musamman ga masu shekaru, amma ta fi saurin tsinkewa a jikin matasa 'yan wasa.

Wannan ba ya nufin facin jiki kyauta ne. Jijiyar ƙoƙon gwiwa tana kama ƙashi da wuri, sai dai takan bar zafi wajen durƙuso, abin da mai sujada sau da yawa a yini ba zai raina ba. Ta bayan cinya kuma tana iya rage ƙarfin lanƙwasa ƙafa. Wanda za a yi wa wannan tiyata ya tambayi likitansa daga ina za a yanko facin.